Ga sabon hedimasta a Sakkwato: ta inda ake fara gyaran makarantar gwamnati

Duk wanda aka miƙa wa makullin ofishin makarantar gwamnati a yau, a Mabera ne ko a Wurno ko can Tangaza, ya san da cewa yaran da ke zaune gabansa ba da 'yan unguwarsu kaɗai za su yi takarar neman abinci ba. Dillalin albasa a Ramin Kura yanzu a waya yake ciniki da mutumin Ghana, ya tura hoton buhu, kuɗi su shigo ta banki. Kamfanin siminti na Kalambaina yana son wanda zai karanta takardar inji ya gane abin da ta ce. Fatar jar akuyarmu har gobe fita take yi zuwa Turai, wasu su ɗinka jaka da takalmi su kwashe ribar. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara bin sahu a 2024 da masu rubutawa a ƙashin kansu, ba ta hannun makaranta ba. Yaron da ya bar hannunmu bai iya karatu da lissafi ba, duk waɗannan ƙofofi a rufe zai tarar da su.

Na riƙe firamare mai haɗe da ƙaramar sakandare a bayan gari, kuma abin da zan faɗa na shugaban makaranta ne da kwamitinsa. Albashi da ɗaukar malamai da manyan gine-gine na kwamishina ne da SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, a ci gaba da matsa musu. Amma akwai aikin da ba ya jiran takarda daga kowa, kuma yana da jeri. Idan aka sa na baya a gaba, wahala kawai za a sha.

Fara da gwada karatu, yaro ɗaya bayan ɗaya

Kada ka fara da fenti, kada ka fara da rigar makaranta. A makonka na biyu ka ɗauki farar takarda ka rubuta abu huɗu da hannunka, da manyan baƙaƙe. A sama haruffa goma a barkatai, har da ɓ da ɗ da ƙ. Ƙasa da su kalmomi kamar tulu, rana, kasuwa, ƙofa. Sai jimloli huɗu gajeru. Sai ɗan labari wanda ba ya cikin kowane littafin da yaran suka taɓa gani. A bayan takardar ka sa lambobi, da ɗebewa mai aro, da rabawa ɗaya.

Ka sa benci a gindin dogon yaro, a riƙa turo maka su ɗaya-ɗaya daga aji 3 zuwa aji 6, har da 'yan JSS 1. A ajiye bulala nesa. Malamin aji kada ya gwada ajinsa, a yi musaya, don ko bai yi niyya ba zai riƙa ɗora wa yaro kalma a baki. Ka fara ba yaro jimlolin nan huɗu. In ya wuce, ka hau da shi zuwa labari, ka yi masa tambaya biyu a kai. In ya cije, ka sauko da shi zuwa kalmomi, in nan ma ya cije, haruffa. Ka rubuta sunansa da inda ya tsaya, ka ce masa madalla, ya koma.

Dalilin da ya sa na ce labarin ya zama sabo shi ne hadda. Yaranmu daga makarantar allo suke zuwa, ƙwaƙwalwarsu a wase take wajen riƙe abin da suka ji, kuma wannan baiwa ce. Amma tana rufe wa malami ido. Akwai wata yarinya 'yar aji 5 da malaminta ke alfahari da ita. Aka ba ta littafin aji, ta zuba shi tiryan-tiryan da murya mai daɗi. Na lura yatsarta tana layi na biyu, bakinta kuwa ya kai na biyar. Na miƙa mata takardata. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce a hankali, “Malam, wagga ba a koya muna ita ba.” Kalma uku ta iya haɗawa. Shekara biyar tana zuwa makaranta kullum, ba ta fashi, kuma babu wanda ya sani.

Sakamakon zai ɓata maka rai. Kada ka ɓoye shi, kuma kada ka ɗauka ciwon makarantarka ne ita kaɗai. A 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kimanin yara 70 cikin 100 masu shekara 10 ba sa iya karanta ɗan rubutu mai sauƙi su fahimce shi.

Da ka gama, ka ware sa'a ɗaya kowace safiya wadda za a rushe azuzuwa a cikinta. Masu haruffa su taru wuri ɗaya ko daga wane aji suke, masu kalmomi wuri ɗaya, masu labari wuri ɗaya. Wannan dabara ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa ta, kuma an gwada ta a jihohin Arewa da dama. Kayan aikinta ba su wuce kwalin taliya da aka yanka aka rubuta gaɓoɓi a kai ba, da marafan kwalba, da karan dawa a ɗaure goma-goma don koyar da aro a ɗebewa. Ka kula da manyan yara maza. Ɗan shekara 13 da aka zaunar da 'yan aji 3 zai gwammace ya tafi kasuwar Kara ya yi dako. Ka ba shi riƙon kayan aiki, ka kira shi mataimakin malam, kuma ka sa wa rukunonin sunayen garuruwa, Gwadabawa da Yabo da Bodinga, yadda babu mai cewa ga rukunin daƙiƙai. Bayan mako shida a sake gwaji, wanda ya haura a matsar da shi gaba nan take, kada a jira ƙarshen zango.

Da Hausa za a fara. Na san umarnin Abuja a kan harshen koyarwa yakan sauya, kuma ba na ce ka yi fito-na-fito da takardar ma'aikata ba. Amma a wannan sa'a ta safe, yaron da ya gano yadda baƙi da wasali ke haɗuwa a harshen da yake mafarki da shi, Turanci ba ya ba shi wuya kamar wanda aka jefa cikin haruffan da bai san sautinsu ba balle ma'anarsu. Turancin baka kuwa a fara shi tun aji 1, kullum, da gaisuwa da waƙa da tambaya da amsa. In kana da yaran rugga masu Fulatanci ko Zabarmawa, ka nemo babban yaro mai harshensu ya zauna kusa da su.

Iyaye za su zo. Wani dattijo ya taɓa tsayawa a ƙofar ofis yana cewa, “Malam, Turanci munka kawo shi ya koya. Hausa ai da ita anka haife shi.” Kada ka yi musu. Ka ce, “Baba, ku zauna ku sha ruwa,” ka aika a kira yaron, ka ba shi takarda ya karanta wa ubansa. In bai iya ba, maganar ta ƙare. In ya iya, ka ba shi ta Turanci a gani.

Sannan ka buɗe sito. Shirin Mu Karanta, wanda Amurka ta ɗauki nauyinsa a Sakkwato da Bauchi, ya raba littattafan koyon karatu da Hausa ga 'yan ƙananan azuzuwa, kuma ba mamaki ka tarar da ragowarsu a ɗaure, gara tana ci, saboda wani yana tsoron kada masu bincike su zo su ce sun ɓace. Littafin da ya yage a hannun yaro ya yi aikinsa. Ka rubuta sunan wanda ya karɓa, ka bari ya tafi da shi gida.

Akwai wani gari da ake kira Sobral a arewa maso gabashin Brazil, wuri mai zafi da fari da talauci. Tun farkon shekarun 2000 suka ɗaura aniyar cewa kowane yaro sai ya iya karatu a azuzuwan farko, suka riƙa gwaji a kai a kai, suka daina naɗa shugaban makaranta don siyasa. Makarantun gwamnatinsu suka zo suka hau sahun gaba a duk ƙasar. Cikin matakan nan uku da suka ɗauka, na farko da na biyu suna hannunka. Na ukun sai mu yi ta faɗa.

Malami a cikin aji, ba a rajista ba

Rajistar zuwa aiki ƙarya take yi. Mutum zai sa hannu da ƙarfe 7:45 ya koma gindin bishiya. Abin da za ka ƙirga shi ne darasin da aka koyar. Ka zaga sau biyu a rana, ba a lokaci ɗaya kullum ba, da jadawali a hannu, ka sa alama a duk ajin da ka tarar babu malami. Ranar Alhamis ka karanta adadin a ɗakin malamai ba tare da kiran suna ba. Mako na uku ka fara kiran mutum ofis shi kaɗai. Takardar tuhuma ita ce ta ƙarshe.

Kafin ka ɗaga murya ka tambayi mutum nawa yake kashewa a kabu-kabu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, malamin da ke zaune a Runjin Sambo aka tura shi ƙauye, rabin albashinsa a hanya yake ƙarewa. Irin wannan ka tattara masa darussansa, ka yi magana da uban ƙasa ko hakimi a samar masa ɗaki, ka kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma shawarar musayar wuri da wanda gidansa ke kusa. Wanda aka yi wa haka ya ci gaba da fashi, to ba kuɗin mai ba ne.

Ga shawarar da za ta jawo maka gunaguni: gwanin malamanka ka kai shi aji 1 ko aji 2. Al'adarmu ita ce a ajiye gwani a aji 6 saboda jarrabawa, a tura wa ƙanana wanda ya gaji ko wanda ba a san inda za a kai shi ba. Mai lambu ba ya barin renon irin albasa a hannun yaro, don abin da ya lalace a nan dashe ba ya gyara shi. Malamin zai ga kamar an rage masa daraja, saboda haka ka faɗa a gaban kowa dalilin da ya sa ka zaɓe shi, kuma in wata bita mai alawus ta zo, sunansa ne na farko. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami 1 ga yara 35 a firamare. Kai da ni mun san ajin da ya ninka haka. In dole wani aji ya cika ya batse, kada ya zama aji 1.

Sa'a ɗaya a mako malamai su zauna, ɗaya ya koyar da darasin mako mai zuwa, sauran su zama ɗalibai. A nan za ka gane wanda yake da NCE, wato takardar shaidar malanta, amma lissafin kashi-kashi yana ba shi tsoro. Kada ka tona shi. Ka haɗa shi da wani su riƙa zama bayan an tashi. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari masu zuwa gwajin koyarwa ka nemi a turo maka su da takarda tun da wuri, ka raba su a rukunonin safe. Masu bautar ƙasa kuma, in Allah ya ba ka, ka ba su Turancin baka da kwamfuta, ka tabbata suna da ɗaki mai ƙofa da ruwa.

Jadawali ya bi yanayin garinmu. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura 40, ƙarƙashin kwano kuwa bayan sha ɗaya babu ƙwaƙwalwar da ke ɗaukar rabawa. Karatu da lissafi su zo da farar safiya. Ka je da ƙafarka wurin malamin makarantar allo, ka durƙusa ka ce, “Allah gafarta Malam, yaran naku ne, aro muke yi,” ku daidaita lokacin da zai sallame su. Abin da wannan ziyara ke gyarawa, takarda goma ba ta gyara shi.

Wata magana a gefe. Yawancinmu 'ya'yanmu suna makarantar kuɗi, kuma iyayen unguwa suna gani. Ban ce a tilasta wa kowa ba. Amma duk ranar da hedimasta ya kawo ɗansa aji 1 a makarantar da yake riƙe, rajistar sababbin shiga takan nuna.

Kwamfuta, sana'a da harsuna

Sai yanzu muka iso inda kowa ke son farawa. Ɗakin kwamfuta ba tare da sola da maigadi da malamin da ya iya ba, sito ne na biyu. Ƙurar hunturu za ta cika su, batir ya mutu, a rufe da kwaɗo sai ranar da baƙi za su zo. Ka nemi laftof biyu ko uku da ƙaramin faifan sola, ka tsara yadda kowane ɗan JSS zai taɓa su da hannunsa. Masu jiran layi su zana allon maɓallai a kwali su riƙa horar da yatsu. A ɗakin JAMB da A, B, C, D ake zaɓar amsa, N ta kai ka gaba, P ta dawo da kai baya, S ta miƙa aiki. Yaro mai ƙoƙari yakan zubar da minti goma yana rawar hannu don bai taɓa zama gaban allon ba, kuma wannan asara ce da ake iya karewa tun yana JSS 2. Akwai kuma Nigeria Learning Passport da gwamnatin tarayya da UNICEF suka buɗe a 2022, darussa ne kyauta a waya, malamanka su fara amfani da shi kafin yara.

Manhajojin nan masu rubuta amsa da kansu sun riga sun shigo wayoyin 'yan sakandare. Hana su ba zai yiwu ba. Abin yi shi ne duk aikin gida da yaro ya kawo, a tsayar da shi ya bayyana da bakinsa yadda aka yi aka kai ga amsar. Wanda zai ci abinci nan gaba shi ne mai iya karanta abin da na'ura ta rubuta ya gane inda ta yi ƙarya.

Sana'a kuwa kada ta tsaya a zanen garma a allo. Cikin iyayen yaranka akwai mai haɗa sola, da mai gyaran waya, da baduku daga Madunka, da mai ɗinki. A gayyato ɗaya duk wata, amma malamin lissafi ya zauna a wurin, don darasin gobe daga nan zai fito: nawa fata, nawa zare, nawa ladan hannu, nawa za a sayar da jakar a ci riba, in mai saye daga Ƙonni yake nawa ke nan a sefa. Su rubuta rasit, su rubuta saƙon talla da Hausa da Turanci. Ka gaya wa iyaye da babbar murya cewa kwalejin fasaha da jarrabawar sana'o'i ta NABTEB da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ba wurin waɗanda suka faɗi ba ne. Ba kowa ne zai shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo ba, kuma ba kowa ne ya kamata ba.

Faransanci muna wasa da shi alhali daga Illela taku kaɗan ne a shiga Nijar. In ba ka da malaminsa, ka duba cikin gari, akwai mutanen Nijar masu ilimi da za su karɓi abu kaɗan. Larabcin da yaranmu ke samu a Islamiyya shi ma jari ne, kada malamin boko ya raina shi a gabansu.

'Yan mata suna zubewa ne tsakanin aji 6 da JSS 2, kuma sau da yawa dalilin bai wuce rashin bayi mai ƙofa da ruwa ba, da tallan safe. Bayin mata shi ne gini na farko da za ka roƙa. Maganar talla da aure kuwa ba ta hedimasta ba ce, ta mata ce. A garin da Nana Asma'u ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna koyar da matan da ake kira 'Yan Taru, ba sai an kawo hujja daga waje ba. Ka samu dattijuwa biyu da ake jin maganarsu, ka ba su sunayen yaran da suka yi mako ba su zo ba, su shiga gidajen da kai ba ka isa ka shiga ba.

Kwamiti da kuɗi

A nan Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a 1999, dokarsa ta fito a 2004: shekara 9 kyauta kuma tilas, daga aji 1 zuwa JSS 3. Hukumar UBEC mai kula da shirin tana samun kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma jiha ba ta karɓar kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa. Ka san wannan don ka san cewa roƙonka ba bara ba ne. Takardar da za ka kai ta zama shafi ɗaya: yawan yara maza da mata, yawan azuzuwan da ke da rufi, hotuna uku, sakamakon gwajin karatu, da abu ɗaya tak da kake nema. Mai neman abu goma ba ya samun ko ɗaya. Shugaban kwamiti ya sa hannu, ku kai tare, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa.

Kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, kada ya zama sunaye a takarda. Ka sa liman, da wakilin hakimi, da mata aƙalla biyu masu baki, da mai sana'a, da tsohon ɗalibi wanda yake da waya cike da lambobin abokan ajinsa. Tsofaffin ɗalibai sukan bayar in an ce musu benci 20 ake nema kuma ga kafintan, ba sa bayarwa in an ce a taimaka wa makaranta. Duk kwabon da ya shigo da inda ya tafi a rubuta a kwali a manna a bangon ofis ta waje. Kada ka ƙaƙaba wa yara kuɗin da doka ba ta sani ba, a nan hedimastoci da yawa suka rasa kujera. In kana yankin gabas, wajen Isa da Sabon Birni da Goronyo, ko kana karɓar yaran da rashin tsaro ya koro, ka karɓe su ko babu takardar sauyin makaranta, ka gwada su da takardar nan taka, ka sa su a rukuninsu.

Lokacin jarrabawa wani zai zo maka da shawarar a tara kuɗi a sallami mai sa ido, a rubuta wa yara amsa a allo, don sunan makaranta ya fito. Ka ƙi, ko da sakamakon bana zai yi muni. Takardar da aka samu ta haka a ɗakin kwamfuta na JAMB take tonuwa, inda babu allo babu malam.

Ƙarshen kowane zango ka tara iyaye da yamma bayan La'asar, maza gefe mata gefe. Ka karanta musu lamba biyu: yara nawa ke iya karanta labari a farkon zango, nawa yanzu. Ka kira uku daga waɗanda suka haura, ba zakarun aji ba, su karanta takardar da liman zai zaɓa da hannunsa. Sannan ka buɗe babban littafi mai bango mai ƙarfi, ka rubuta sunan duk wanda ya gama JSS 3 da lambar wayar gidansu, bayan shekara a bi a rubuta inda yake: babbar sakandare, kwalejin fasaha, shago, gona, ɗakin miji. Littafin na makaranta ne, in an yi maka canjin wurin aiki ka miƙa shi ga magajinka tare da makulli, ya sa hannu ya karɓa.